Zane a Kan Akirilik da Na'urar Lesa ta Kan Tebur

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya halarci bikin ba da lambar yabo a ƴan shekarun nan, ko ya shiga banki ko asibiti, ya ga wani irin allo garai-garai mai kama da gilashi, da rubutu fari sol a jikinsa. Idan aka shafa rubutun da yatsa sai a ji ɗan kaushi, alamar cewa jikin allon ne aka ci, ba fenti aka shafa masa ba. Irin wannan allo ana kiran sa akirilik, abin da ya ci jikin nasa kuwa haske ne da ake kira lesa.

A da, manyan masana'antu ne kawai suke da na'urar da ke wannan aiki. Yanzu kuwa akwai ƙananan da ake ɗorawa a kan tebur, waɗanda masu shagunan buga takardu da masu yin allunan talla suke saye. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake zane a kan akirilik da irin wannan ƙaramar na'ura. Babban abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, na'urar ba ta da wuƙa, ba ta kuma taɓa allon ko kaɗan. Zafin haske ne yake aikin. Saboda haka kyan aiki ya dogara ne ga dacewar hasken da allon da aka sa masa. Idan suka dace, zane ya fito. Idan suka saɓa, ko dai a yi asarar allo, ko a tayar da gobara, ko kuma mai aiki ya shaƙi guba.

2.0 Akirilik

2.1 Asalinsa

Akirilik nau'i ne na roba mai tauri, wadda masana haɗa sinadarai suke taƙaita sunanta da haruffan PMMA. An fara sarrafa shi don kasuwa a farkon shekarun 1930. A Jamus, kamfanin masanin sinadarai Otto Röhm ya yi masa rajista da sunan Plexiglas a 1933. A Ingila kuma kamfanin ICI ya fito da nasa da sunan Perspex, a Amurka kamfanin DuPont ya kira nasa Lucite. Har yanzu da waɗannan sunaye ake neman sa a kasuwa, amma duk abu ɗaya ne.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka riƙa yin tagogin jiragen yaƙi da rufin da ke kan matuƙi. Wani likitan ido na Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan da ɓarɓashinsa ya shiga idonsu ba sa samun kumburi irin wanda sauran baƙin abubuwa ke jawowa. Daga nan ya yi tunanin yin ƙwayar ido ta roba, kuma a 1949 ya dasa ta farko a idon mai yana, a asibitin St Thomas da ke Landan.

Abubuwa uku suka sa ake son akirilik. Na farko, haske yana ratsa shi da kusan kashi 92 cikin 100, wato ya ɗara gilashin taga garai. Na biyu, nauyinsa kusan rabin na gilashi ne. Na uku, ya fi gilashi jure bugu, kuma in ya fashe ba ya tarwatsewa ya zama tsinke-tsinke masu kaifi. Rauninsa shi ne saurin karcewa da rashin jure zafi, domin yakan fara laushi da zarar zafi ya kai wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyos. Wannan rashin jure zafi shi ne ya sa haske yake iya zane a jikinsa.

2.2 Ɗan zubi da ɗan matsi

Hanyoyi biyu ake bi wajen yin allon akirilik, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai ga mai zane. A hanya ta farko, ana zuba sinadarin yana ruwa-ruwa a tsakanin faifan gilashi biyu, a bar shi ya daskare. Wannan shi za a kira ɗan zubi. A hanya ta biyu, ana narkar da ƙwayoyin robar a tura su ta wata siririyar kafa, su fito a shimfiɗe, kamar yadda injin taliya ke turo kwaɓaɓɓen fulawa. Wannan shi za a kira ɗan matsi.

A ido, allunan biyu ba su da bambanci. A ƙarƙashin lesa ne halinsu yake fitowa. Idan aka zana ɗan zubi, wurin da haske ya ci yakan yi fari tas, ya fita daban da sauran jikin allon. Idan aka zana ɗan matsi kuwa, wurin yakan narke ya sake daskarewa garai-garai, sai zanen ya yi dishi-dishi, da ƙyar ake karanta shi daga nesa. Sai dai kuma ɗan matsi ya fi araha, kaurinsa ya fi daidaituwa, kuma in aka yanka shi da lesa bakinsa yakan yi santsi da sheƙi. Ƙa'idar ke nan: ɗan zubi don zane, ɗan matsi don yanka. Mai aikin da ya sayi ɗan matsi don ya yi lambar yabo, komai gyaran da ya yi wa na'ura ba zai sami farin rubutu ba, domin matsalar tana cikin allon.

3.0 Lesa

3.1 Ma'ana da tarihi

Hasken fitila yakan bazu ko'ina, yana kuma ɗauke da launuka iri-iri a gauraye. Hasken lesa kuwa launi ɗaya ne tak, yana tafiya a siririn layi ba tare da ya bazu sosai ba. Wannan ne ya sa ake iya tattara ƙarfinsa duka a wuri ɗaya ɗan mitsitsi. Yaron da ya taɓa ɗaukar gilashin ƙara girman rubutu ya tara hasken rana a kan takarda har ta yi hayaƙi, ya riga ya ga tushen aikin.

Albert Einstein ne ya yi bayanin ƙa'idar da lesa ta ginu a kanta a 1917, amma sai a 1960 Theodore Maiman ya ƙera ta farko mai aiki, a Kalifoniya ta Amurka, da dutsen yaƙutu. A 1964 Kumar Patel, wani masani ɗan asalin Indiya da ke aiki a ɗakunan binciken Bell, ya ƙirƙiro lesa mai amfani da iskar CO2. Wannan ita ce har yau ta fi dacewa da akirilik.

Saukowar na'urar daga masana'anta zuwa tebur ta biyo bayan faɗuwar farashinta. Kamfanonin ƙasar Sin sun cika kasuwa da wata ƙarama da aka fi sani da K40, mai ƙarfin wat 40, wadda filin aikinta bai wuce santimita 30 da 20 ba. A 2015 kuma kamfanin Glowforge na Amurka ya karɓi odar kusan dala miliyan 28 cikin kwana 30, tun kafin ya fara raba na'urarsa, abin da ya nuna yawan masu son mallakar irinta a gida.

3.2 Dalilin da ya sa ba kowace lesa ke cin akirilik ba

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba ita ake kira tsawon zango. Ana auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Abin da ya wuce haka ido ba ya ganin sa, ko da kuwa yana ƙuna.

Na'urorin kan tebur iri uku ne. Akwai mai iskar CO2, wadda zangon haskenta nanomita 10,600 ne, ido ba ya ganin sa. Akwai mai dayod, wadda ta fi araha, tana fitar da shuɗin haske mai zango wajen nanomita 450. Akwai kuma mai zaren gilashi, mai zango wajen nanomita 1,064, wadda aka fi amfani da ita a kan ƙarfe.

Haske ba ya ƙona abu sai abin ya shanye shi. An riga an faɗa cewa akirilik garai yana barin hasken da ido ke gani ya ratsa shi. To, shuɗin hasken dayod yana cikin wanda ido ke gani, don haka yakan wuce ta cikin allon salin-alin, ya je ya ƙone abin da ke ƙarƙashinsa. Hasken mai zaren gilashi ma haka yake wucewa. Amma ga hasken CO2, wannan allo da ido ke gani garai tamkar bango yake: yana shanye hasken tun daga samansa, zafi ya taru a wurin nan take, robar ta warware ta koma tururi ta tashi. Ramin da tururin ya bari shi ne zane.

Wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin shiga sana'ar. Mutum zai sayi mai dayod saboda arha, ya ga ta yi masa kyakkyawan zane a kan katako da fata, sai ya ɗora akirilik garai ya ga ko gezau. Mai dayod tana iya aiki a kan akirilik baƙi da wasu launuka masu duhu, domin launin yana shanye hasken. Wasu kuma sukan shafa baƙin fenti mai wankuwa a jikin allo garai, fentin ya ɗauki zafin ya miƙa wa robar, daga baya a wanke shi. Dabarar tana aiki, amma zanen ba ya kai na CO2 tsafta.

4.0 Sassan Na'ura Mai Iskar CO2

A bayan na'urar akwai wani dogon bututun gilashi mai ɗauke da iskar, a gauraye da wasu iskoki biyu, naitirojin da hiliyam. Idan wutar lantarki mai ƙarfin fiye da bolt 10,000 ta ratsa iskar, sai haske ya fito ta bakin bututun. Madubai uku ne suke karɓar hasken, wannan ya miƙa wa wancan, har ya isa kan na'urar, wato ɓangaren da ke yawo a saman allo. A cikin kan akwai wani ɗan gilashi mai tattara haske, wanda yake matse shi ya zama ɗigo da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Ƙananan injuna biyu ne suke jan kan, ɗaya hagu da dama, ɗaya gaba da baya, bisa umarnin kwamfuta.

Akwai wasu sassa uku na taimako. Famfon ruwa yana zagaya ruwa a jikin bututun don ya sanyaya shi, kuma an fi son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 15 da 25. Wani ɗan famfon iska yana hura iska a daidai inda haske ke sauka, don ya kore tururi ya kuma hana wuta kamawa. Sai fanka mai zuƙe hayaƙi ta fitar da shi waje ta bututu.

A ƙasashe masu zafi da ƙura, waɗannan sassa suna bukatar kulawa ta musamman. A watannin bazara ruwan sanyaya bututu yakan yi ɗumi da wuri, ƙarfin haske ya ragu, bututun ya mutu kafin lokacinsa. A lokacin hunturu kuma ƙura takan kwanta a kan madubai, ta shanye hasken, ta ƙone a jikinsu. Haka nan ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan bar zane rabi, kuma da wuya a iya ci gaba daga daidai inda aka tsaya.

5.0 Matakan Aiki

5.1 Shirya zane

Aiki yana farawa ne a kwamfuta. Ana tsara zane da manhaja irin su CorelDRAW ko Adobe Illustrator ko Inkscape, wadda ita kyauta ce, sannan a tura shi ga manhajar da ke sarrafa na'urar, kamar LightBurn.

Na'urar tana da tafiya iri biyu. A ta farko, kan yana kai-komo daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, yana kunna haske yana kashewa, har ya share duk filin da ake so ya yi fari. Wannan ita ce tafiyar shara, kuma da ita ake cike haruffa da hotuna. A ta biyu, kan yana bin layin zanen kai tsaye, kamar yadda alƙalami ke bin layi. Wannan ita ce tafiyar layi, da ita ake fitar da siririn zane, da ita kuma ake yanka. Idan, alal misali, ana son lambar yabo mai ɗauke da dagi a sama da suna a ƙasa, za a share dagin da sunan da tafiyar shara, sannan a yanke siffar allon da tafiyar layi. Zane ake fara yi kafin yanka, domin allon da aka riga aka yanke yana iya gocewa.

A kan allo garai, an fi yin zane a bayansa, don gabansa ya zauna sumul, zanen kuma ya tsira daga datti da karcewa. Wannan yana nufin dole a juya zanen a kwamfuta, hagu ta koma dama, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Wanda ya manta wannan mataki zai ɗaga allonsa ya tarar da rubutu a baibai.

5.2 Rubutun Hausa a kan allo

Nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa. Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ, wanda a Nijar ake rubutawa haka, a Nijeriya kuma a rubuta shi 'y. Yawancin salon haruffa na ado da ke cikin kwamfuta ba su ƙunshi waɗannan haruffa ba. Idan aka zaɓi irin wannan salo, manhaja takan sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salo dabam, ya fito bare a tsakiyar kalma. Don gudun haka, masu aiki da yawa sukan zubar da ƙugiyar gaba ɗaya.

Illar wannan a bayyane take ga mai jin Hausa. Allon da aka so ya ce "Maraba da manyan baƙi" sai ya ce "Maraba da manyan baki". Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Kuskuren da aka yi a takarda ana iya goge shi, amma wanda lesa ta ci a jikin akirilik ba ya goguwa, sai dai a sake sabon allo.

Maganin abin mataki uku ne. A zaɓi salon haruffa da ya ƙunshi masu ƙugiya, manyansu da ƙananansu. A mayar da rubutun ya zama zane tun a manhajar farko, yadda kowane harafi zai koma siffa kawai, ba zai sauya ba ko an buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta. Sannan a buga shi a takarda, mai aikin da wanda ya ba da shi su karanta tare kafin a kunna na'ura. Rubutun ajami ma yana bukatar wannan kulawa, domin wasu manhajoji sukan raba haruffan da ya kamata su haɗu, ko su juya jerinsu, ko su gusar da wasula daga wurarensu.

5.3 Ƙarfi, gudu da saiti

Abubuwa uku mai aiki yake daidaitawa. Ƙarfi shi ne yawan hasken da bututu ke fitarwa. Gudu shi ne saurin tafiyar kan. Saiti kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin gilashin tattara haske da saman allo.

Ƙarfi da gudu tare suke aiki. Mai ƙona ado a jikin ƙwarya da jan ƙarfe ya san cewa in ya daɗe a wuri ɗaya ƙunar takan yi zurfi, in ya wuce da sauri takan tsaya a sama. Haka lesa take. Zane a kan akirilik yana son gudu mai yawa da ƙarfi kaɗan, yadda saman allon kawai za a ci. Idan ƙarfi ya yi yawa, robar takan narke, gefen haruffa ya kumbura, farin ya dushe. Yanka kuwa yana son akasin haka, wato ƙarfi mai yawa da tafiyar hankali. Na'ura mai wat 40 takan yanka allo mai kaurin milimita 3 a zagaye ɗaya.

Game da saiti, gilashin da aka fi samu a ƙananan na'urori yana tattara haske ne a tazarar inci 2, wato wajen milimita 51. Idan allo ya yi sama ko ƙasa da wannan tazara, ɗigon haske yakan faɗaɗa, ƙarfinsa ya ragu, gefen zane ya yi hazo. Saboda haka dole allon ya kwanta daidai, ba gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu ba. Sai dai ƙwararru sukan kauce wa saiti da gangan, da ɗan abin da bai kai milimita biyu ba, in suna share babban fili, don layukan shara su narke cikin juna su yi laushi.

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace na'ura, domin bututu yana rauni da tsufa, alluna kuma sun bambanta. Don haka ake yin gwaji a kan guntun da ya rage daga allon da za a yi aiki da shi. Ana zana ƙananan murabba'ai a jere, ƙarfi yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama, gudu yana ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa. Murabba'in da ya fi fari da tsafta, lambobinsa ake ɗauka. Mai aiki nagari yakan ajiye waɗannan guntaye, da sunan allo da kwanan wata a jikinsu.

5.4 Gamawa

Allon akirilik yana zuwa da takarda ko leda manne a fuskokinsa biyu. Ana ɓare ta ɓangaren da za a zana, a bar ta ɗaya ɓangaren don ta kare shi daga karcewa. Bayan an gama, ana wanke farar ƙurar da ta kwanta a kan zanen da ruwa da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi. Ba a goge shi da sinadarin alkohol ko na narkar da fenti, domin zafin lesa yakan bar gefen allon a ɗaure, kuma da zarar irin wannan sinadari ya taɓa shi sai ƙananan tsage-tsage su bayyana.

6.0 Allo Mai Haske ta Gefe

Wani aiki da akirilik ya yi fice a kansa shi ne allon da ake haskawa ta gefe. Ana dasa allon a kan gindi mai ƙananan fitilun LED, haske ya shiga ta bakinsa na ƙasa. Da yake fuskokin allon biyu sumul suke, hasken yakan riƙa karo da su yana komowa ciki, ya kasa fita. Amma idan ya isa inda lesa ta ci, kaushin wurin yakan warwatsa shi ya fito waje. Sakamakon haka, allon yana zama garai kamar babu shi, zanen kaɗai yana walƙiya. Wannan ma wani dalili ne na fifita ɗan zubi, domin gwargwadon kaushin zane, gwargwadon haskensa.

7.0 Haɗari da Kariya

Haɗari na farko shi ne kuskuren allo. Ba kowace roba garai ce akirilik ba. Robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da wasu allunan talla da fatar roba da ita, tana ɗauke da sinadarin kulorin. Idan lesa ta ƙone ta, takan fitar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu da ido, ta kuma sa ƙarafan na'ura tsatsa. Wata robar kuma, folikabonet, tana kama da akirilik sosai, amma ƙonewa take yi ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ƙa'ida ita ce, allon da ba a tabbatar da asalinsa ba, ba a sa shi a na'ura.

Na biyu shi ne gobara. Tururin akirilik yana kama wuta, musamman lokacin yanka. Ba a barin na'ura tana aiki a fita, ko da na minti ɗaya ne, kuma ya kamata abin kashe gobara ya kasance kusa.

Na uku shi ne ido. Hasken CO2 ba a ganin sa, saboda haka ido ba ya ƙiftawa don ya kare kansa. Shuɗin hasken dayod kuwa yana ratsawa har ƙwayar gani da ke can bayan ido, kuma ɓarnar da ya yi a wurin ba ta gyaruwa. Na'urar da ke da murfi ba a buɗe ta tana aiki, ba a kuma cire makunnin da ke kashe ta in an ɗaga murfin. Wadda ba ta da murfi, sai da tabarau na musamman da aka yi don zangon haskenta. Tabaron rana ba ya kariya.

Na huɗu shi ne hayaƙi. Tururin akirilik yana da wari mai kaifi, yana sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. Dole a fitar da shi waje, nesa da taga da inda mutane ke zama. Na biyar kuma wutar da ke bayan na'ura ce, wadda takan iya kisa. Ba a taɓa wayoyin bututu sai an cire na'ura daga soket, kuma gyaran wurin aikin masani ne.

8.0 Kammalawa

An ga cewa zane da lesa ƙuna ce da ake sarrafawa, kuma ba ta yiwuwa sai allo ya shanye hasken da aka haska masa. Wannan ne ya sa na'ura mai iskar CO2 take cin akirilik garai, mai dayod kuwa take ratsa shi ta wuce. An kuma ga cewa ɗan zubi ne ke ba da farin zane, cewa ƙarfi da gudu da saiti da gwaji ake gano su, cewa kuma kuskuren allo yana iya taɓa lafiya. Na'urar tana bin layin da aka ba ta ne kawai, daidai ne ko kuskure. Zaɓen allo, da duba ƙugiyar harafi, da tsayawa a kan aiki har ya ƙare, duk suna wuyan mai aiki.

Keɓaɓɓun Kalmomi

Ɗan zubi: allon da aka yi ta hanyar zuba sinadari a tsakanin faifan gilashi biyu.
Ɗan matsi: allon da aka yi ta hanyar tura narkakkiyar roba ta siririyar kafa.
Tsawon zango: tazarar da ke tsakanin tudun igiyar haske ɗaya da na gaba.
Tafiyar shara: kai-komon da kan na'ura ke yi layi bayan layi don cike fili.
Tafiyar layi: bin layin zane kai tsaye don siririn zane ko yanka.
Saiti: tazarar da ta dace tsakanin gilashin tattara haske da saman allo.

Aikin Ɗalibi

1. Yi bayani da kalmominka a kan dalilin da ya sa shuɗin haske ba ya cin akirilik garai.
2. Kawo kalmomin Hausa guda biyar waɗanda ma'anarsu ke sauyawa idan aka cire ƙugiyar harafi, ka sa kowace a jimla.
3. Kalmomin "ɗan zubi" da "ɗan matsi" ƙirƙirarru ne. Wace hanyar ƙirar kalma aka bi wajen samar da su? Kawo wasu misalai uku masu irin wannan ƙira.
4. Tsamo aro guda shida daga cikin wannan takarda, ka nuna sauye-sauyen da aka yi musu don su dace da tsarin gaɓar Hausa.